Gigin Tsufa: A Nemi Dalili Kafin A Kira Mai Allura

Akwai gidaje da yawa a ƙasar nan, daga Sakkwato har zuwa Legas, inda in ka shiga za ka tarar da wani ɗaki can ƙurya wanda kwaɗonsa yake ta waje. A cikinsa akwai tsoho ko tsohuwa, mai yiwuwa ma shi ne ya gina gidan da guminsa, ko kuwa ita ce ta haifi mai gidan. In ka tambayi mutanen gidan za su gaya maka Baba ya fara fita da tsakar dare ba wanda ya san inda ya nufa, ko kuma Inna ta ɗaga taɓarya za ta kwaɗa wa jikarta wai ta sace mata kuɗin adashi. Sun gaji, sun rasa ta cewa, sai suka sayo kwaɗo. Waɗansu kuma mai kyamis suke kira kowane dare ya zo ya yi allurar barci, don dai gida ya sami lafiya.

Sunayen da muke ba wannan hali suna da yawa. Masu sauƙin baki su ce gigin tsufa ne. Waɗansu su ce iska ce, ko jifa aka yi. Mafi munin abin shi ne a ga tsohuwa tana yawo ita kaɗai tana surutai, ta manta hanyar gida, sai a ce mayya ce take tona wa kanta asiri, yara su bi ta da jifa. Likitoci kuwa sun ce cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda take cin naman ƙwaƙwalwar sannu a hankali cikin shekaru. Irinta mafi yawa ita ce wadda ake kira cutar Alzheimer, sa'an nan akwai wadda hawan jini da toshewar jijiyoyin jini suke jawowa. Tsufa kaɗai ba ya kawo ta, domin kowa ya san dattijo ɗan shekara 90 wanda har yanzu shi ake zuwa wurinsa a tambayi iyakar gona.

Yawancin mutane mantuwa suka sani game da wannan cuta. Amma duk wanda ya taɓa jinyar mai ita ya san mantuwar ita ce mai sauƙi. Abin da ke karya iyali shi ne zargi, da faɗa, da ihu da dare, da yawo, da ganin mutanen da babu su, da kuka ba dalili, ko kuma zaman jugum ba magana ba cin abinci. Masana sun ƙiyasta cewa kusan 9 cikin 10 na masu cutar za su nuna wani abu daga cikin waɗannan a wani lokaci na jinyarsu.

Tun farkon tarihin cutar ma haka abin yake. Cikin watan Nuwamba na 1901 aka kai wata mata 'yar shekara 51, mai suna Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus, inda Dokta Alois Alzheimer ya duba ta. Cikin abubuwan da suka fara bayyana gare ta akwai kishi mai tsanani: ta riƙa zargin mijinta da neman wata mata. Daga nan ta shiga ɓoye kayan gida, tana zaton za a kashe ta, tana kwana tana kururuwa. Da ta mutu a 1906 likitan ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga lalacewar da a yau ake kira da sunansa. Ashe ke nan matar da aka fara gane cutar a jikinta, da a wata unguwa tamu take, da sai a ce kishiya ce ta yi mata asiri.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan cuta a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne. A nan Nijeriya an daɗe ana bincike a kanta. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa kai da na birnin Indianapolis a Amurka, suka bi gida gida a unguwar Idikan suna gwada tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, a kan kashi 8.24 tsakanin baƙaƙen fata na Indianapolis. Wani binciken da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan 3 cikin 100. Adadin kamar kaɗan ne, amma mai karatu ya tuna kowane ɗaya daga cikinsu gida guda ne da ba a barci.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Abin da likitocin tsofaffi suka haɗu a kai yanzu shi ne, in mai wannan cuta ya tayar da hankali, tilas a fara da tambayar abin da ya tayar masa da shi. Mutumin da cuta ta cinye masa kalmomi ba zai iya cewa haƙorina ke ciwo ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ture hannun mai ba shi tuwo, ko ya yi ihu, ko ya kai duka. Yaro ɗan goye ma haka yake yi, kuma babu uwar da za ta ji kukan ɗanta ta ɗauko maganin barci kafin ta duba ko cinnaka ne ya shiga rigarsa.

Farko dai a lura da saurin canjin. Gigin tsufa sannu yake tafiya, wata da watanni. In tsoho jiya yana zaune lafiya, yau ya tashi bai san kowa ba, yana fizge-fizge, wani sa'i ya yi lamo wani sa'i ya zabura, to wannan wata cuta ce ta faɗo masa a jiki ta rikita ƙwaƙwalwar da ma ta yi rauni. Zazzaɓin cizon sauro na yin haka, da ciwon huhu, da ciwon mafitsara, da faɗuwar sukari a jinin mai shan maganin ciwon sukari, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Tsoho kuma yakan kamu da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba ko kaɗan. Irin wannan rikicewa ta gaggawa asibiti take so a ranar, kuma sau da yawa da an yi maganin cutar sai mutum ya koma yadda yake.

Akwai kuma abubuwa biyu da kunya take hana mu tambaya. Na ɗaya bayan gida. Tsohon da ya yi kwana biyar ko shida bai zaga ba zai hana kowa sakat, ga shi kuwa ba mai ƙirga masa kwanakin. Na biyu fitsari. Dattijai maza da yawa wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara takan kumbura ta tare musu hanya, mara ta cika ta yi tauri, azaba ta yi azaba. Mutum na ta safa da marwa yana cire wando, 'ya'ya suna cewa hankali ya gushe, alhali kuwa nas ɗaya da robar fitsari za ta kwantar da shi cikin minti goma. Suruka ba za ta iya yi wa uban mijinta wannan tambaya ba, mun sani. To sai a sami ɗa namiji ko ƙane ya ɗauki wannan aiki.

Maganar ciwon jiki kuwa an gwada ta. A ƙasar Norway likitoci suka ɗauki tsofaffi 352 masu wannan cuta, waɗanda ke tayar da hankali a gidajen kula da tsofaffi, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ci gaba da kula da su yadda aka saba. Ɗaya kashin aka riƙa ba su maganin rage zogi kullum har mako 8, mafi yawansu kuwa farasitamol ne kawai, irin wanda ake sayarwa a kowane kyamis. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna tashin hankalinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin 100, da aka daina ba su maganin kuma sai abin ya fara dawowa. Mai karatu ya duba tsofaffinmu, waɗanda suka shekara 50 suna noma a duƙe ko suna daka, ya ƙirga nawa ne cikinsu ba su da ciwon gwiwa ko na baya. Sai dai shi ma farasitamol yana da iyaka, in ya yi yawa hanta yake taɓawa, saboda haka likita ne zai faɗi adadin.

Yanar ido da rashin ji su ma suna da nasu. Wanda ba ya gani sosai, in ya ga riga a rataye cikin duhu sai ya ga ƙato a tsaye. Wanda ba ya ji sosai, in ya ga mutane suna magana suna dariya sai ya ɗauka da shi ake.

Magariba

Masu jinya a ko'ina cikin duniya sun lura cewa masu wannan cuta sun fi rikicewa in rana ta kusa faɗuwa. Likitoci sun danganta haka da gajiyar yini, da raguwar haske, da kuma lalacewar sashen ƙwaƙwalwa da ke bambanta dare da rana. A wurinmu kuwa magariba ita ce lokacin da tun muna yara ake hana mu fita, ana cewa iskoki na yawo. Don haka in tsohuwa ta fara surutai daidai wannan lokaci, hujja ta samu ke nan ga mai neman hujja. Amma a dubi tsakar gida da almuru: hayaƙin murhu, kukan yara, awaki na shigowa, rediyo na yi, kowa na gaggawa, inuwa ta yi tsawo a bango. Mai lafiya ma yakan ji kansa ya yi nauyi. A kunna mata fitila tun kafin duhu ya shiga, a rage hayaniya kusa da ita, a ba ta abincin dare da wuri, mutum ɗaya da ta saba da shi ya zauna kusa. Da rana kuma a fito da ita ta sha hantsi, kada a bar ta ta yini tana barci cikin ɗaki mai duhu sa'an nan a yi mamakin ta ƙi barci da dare. Goro da shayi mai kauri a bar su ga safiya.

Zargin sata shi ya fi raba zumunci. Tsohuwa ta ɗaure kuɗinta a bakin zane, ta kwance ta tura ƙarƙashin katifa, ta manta. Ƙwaƙwalwarta ba ta gaya mata ta manta ba, abin da ta sani kawai shi ne kuɗi sun ɓace, kuma wadda ta fi shiga ɗakin ita ce matar ɗanta. Ta haka wadda ta fi kowa wahala a kanta ita ce ke zama ɓarauniya. An sha sakin aure a kan wannan. Gardama ba ta da amfani a nan, rantsuwa ma haka, domin ba a kayar da mai wannan cuta da hujja. Abin da masu jinya suka ga yana aiki shi ne a ce, "Inna, ku zo mu duba tare," a nemo, a bar ta ita ta gano da hannunta. Mai hikima yakan gane wuraren ɓuyanta biyu ko uku, ya kuma ajiye 'yan canji a gefe saboda ranar da ba a samu ba. Wajibi ne kuma mai gida ya tara dangi ya gaya musu cewa cuta ce ke magana, tun kafin maganar ta kai ga 'yan'uwa na nesa da ke zuwa sau ɗaya a shekara su ji ta bakin tsohuwa su hau kai su zauna.

Haka nan in dattijo ya ɗauki sandarsa ya ce zai tafi gida, alhali yana cikin gidan da ya shekara 40, ko ya ce mahaifiyarsa na jiransa. In aka ce masa ai ta rasu tun tuni, sai ya ji mutuwar sabuwa fil, ya yi kuka, gobe ya sāke tambaya a sāke kashe masa ita. Gara a ce, "Baba, ku ba mu labarinta," ko a raka shi zuwa bakin titi a zagayo, kafin a dawo ya manta da tafiyar. Mutumin da ya saba fita kasuwa ko gona kowace safiya ƙafarsa ba ta manta ba. A ba shi abin yi gwargwadon ƙarfinsa: ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, jan carbi, zama a dakalin ƙofar gida cikin tsaransa. Tsohuwa a ba ta tsintar wake ko kaɗi. Abin da aka koya tun ƙuruciya, kamar karatun allo da waƙoƙin daka, shi ne ƙarshen abin da cutar ke taɓawa, kuma yakan kwantar da hankali ƙwarai. Saboda ɓacewa kuwa, a ɗinka masa takarda mai sunan unguwa da lambar waya a aljihun riga, a sanar da maƙwabta da masu shaguna da mai unguwa.

Garin Neman Gira

Magungunan da aka fi ba tsofaffin nan don su yi shiru an yi su ne domin masu taɓin hankali irin na matasa. A cikinsu akwai Largactil, da halofaridol wanda ake sayarwa da sunan Haldol, da sababbi irin su Risperdal. Cikin watan Afrilu na 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi da sababbin a kan tsofaffi masu gigin tsufa. Ta tarar cikin kimanin mako 10, kashi 4.5 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin sun mutu, a kan kashi 2.6 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Yawancin mutuwar ta ciwon zuciya ce ko ciwon huhu. Hukumar ta tilasta a buga gargaɗi a jikin takardar maganin, a 2008 kuma ta haɗa da tsofaffin magungunan irin su halofaridol.

A Ingila gwamnati ta sa Farfesa Sube Banerjee ya bincika, ya miƙa rahotonsa a 2009. Ya ƙiyasta ana ba mutum 180,000 masu wannan cuta irin waɗannan magunguna a shekara, waɗanda suke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma maganin na jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 da shanyewar ɓarin jiki ga wasu 1,620. Wannan fa a ƙasar da likita ne kaɗai ke rubuta maganin. Sai a auna da inda ɗa zai tsaya gaban kanta ya ce a ba shi abin da zai sa tsoho barci, a ƙirgo masa a leda.

Yadda maganin ke yin ɓarna ba boyayye ba ne. Yana sa jiki ya sandare, ƙafa ta riƙa ja, jini ya faɗi in an miƙe tsaye, sai faɗuwa da karayar ƙugu, wadda tsoho ba safai yake tashi daga ita ba. Yana sa barci mai nauyi, a ɗura wa mutum kunu yana magagi ya ƙware, kunun ya gangara huhu. Mai kwanciya kullum kuma gyambo ke fito masa a baya. Valium da danginsa su ma suna kawo faɗuwa da ƙarin ruɗewa, haka Piriton da waɗansu ke ba tsofaffi don barci. Akwai kuma wani irin gigin tsufa, wanda ake kira na Lewy, da mai shi yakan ga mutane ko yara ko dabbobi ƙuru-ƙuru a ɗaki, jikinsa na makyarkyata, tafiyarsa ta yi nauyi. Shi wannan, allurar halofaridol ɗaya tana iya sandarar da shi har ta kai ga rai. Ga shi kuwa shi ne aka fi kai wa allurar, saboda gane-ganen da yake yi.

Duk da haka maganin yana da wurinsa. In an bincika ba a sami ciwo ba, an gyara abin da za a gyara, mutum kuma yana neman ji wa kansa ko wani rauni, ko abin da yake gani yana firgita shi dare da rana, likita yakan ba da shi bayan ya yi wa iyali bayanin hatsarin. Ƙa'idar ita ce a fara da ɗan kaɗan, a riƙa dubawa, a sa ranar dainawa. A Ingila iznin da aka ba Risperdal domin wannan aiki na mako 6 ne kawai. A 2023 Amurka ta amince da wani sabo mai suna Rexulti domin tashin hankalin masu cutar Alzheimer, amma shi ma yana ɗauke da wancan gargaɗi na mutuwa. Wanda tsohonsa ya riga ya daɗe a kan irin waɗannan magunguna kada ya yanke su rana ɗaya. Ya koma wurin likita a rage sannu sannu. Magungunan mantuwa kuma, irin su Aricept, sukan ɗan taimaka wa waɗansu, ba sa dai tsayar da cutar.

Game da ɗauri, ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cikin Nuwamba 2019 bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi 8 da Abuja, ta tarar ana ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a asibitoci da gidajen mari da wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana azabtar da irin waɗannan bayin Allah. Ko ba doka ma, tsohon da aka ɗaure tsoro yake ƙara ji, mai tsoro kuwa faɗa yake ƙarawa.

Abin ban sha'awa shi ne wannan ƙasa ta taɓa koya wa duniya darasi a wannan fanni. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke sauka a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa mai kula da shi, maimakon a kulle su a ɗaki. Tsarin ya yi suna har Lambo ya zama mataimakin babban darektan Ƙungiyar Lafiya ta Duniya. Ba domin masu gigin tsufa ya kafa shi ba, amma abin da ya dogara a kai, watau fuskar da mutum ya sani da zaman da ya saba, shi ne dai abin da likitocin tsofaffi ke nema a yau. Gidajenmu na gandu suna da wannan. Inda muke kasawa shi ne a bar wa mace ɗaya dukan jinyar, ga girki ga yara ga kwana a zaune, sauran 'ya'ya kuwa sai aiken kuɗi da tambaya ta waya. Mai jinyar da ta yi wata uku ba barci muryarta za ta tashi, tsoho kuwa ko ya manta ma'anar kalmomi yana gane murya. A raba kwana tsakanin 'ya'ya kamar yadda ake raba gado.

Wanda ke neman likita, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri da Yaba da Aro da Inugu da Kalaba da Binin, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan da ke asibitocin koyarwa na jami'o'i. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiya ta musamman domin tsofaffi tun 2012. Ranar zuwa, wanda yake kwana da maras lafiya shi ya kamata ya shiga wurin likita, ko da babban ɗa ne ya biya kuɗin mota. A zuba duk magungunan da tsohon ke sha a jaka a tafi da su, har da na gargajiya da na kyamis. In da hali a riƙe ɗan littafi tun mako biyu kafin tafiya, a riƙa rubuta lokacin da rikicin ya tashi, da wanda ke wurin, da abin da ake yi a sa'ad da ya tashi, da ranar da ya yi bayan gida na ƙarshe.